Sauya Mota: Ka Sayar da Kanka ko Ka Bi Ta Hannun Dillali?

Kafin tsakiyar 2023, ma'aikaci a Kano ko Kaduna da motarsa ta fara gajiya yana iya sayar da ita, ya ajiye kuɗin a banki wata ɗaya ko biyu yana lalube a tsanake, sannan ya cika ya sayi wata. Ranar 29 ga Mayun shekarar aka janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma kafin 2024 ta ƙare ta taɓa 1,000 a gidajen mai da yawa. A watan Yuni aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa a wajen naira 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024. Da yake da dala ake sayo motar Beljiyam, kuma da canjin dala kwastan ke lissafin duti, farashin motar da ake shigowa da ita ya tashi sama, ya ja na motocin hannu ya tafi da shi.

Wannan ya jefa masu mota cikin wani hali. Mai babbar mota yana neman ƙarama wadda ba ta shan mai. Mai tsohuwar Golf ko Fijo 406 ya wayi gari ana taya masa ita kuɗin da bai taɓa zato ba, ya yi murna, har sai da ya je tayin wadda yake son saye. Daga nan gardama ta tashi a majalisu da ofisoshi, kuma har yau ba ta kwanta ba: wanda zai rabu da tsohuwa ya ɗauki wata, ya nemi mai saye da kansa ne, ko kuwa ya kai wa dillali a yi musaya ya ba da ciko?

Masu cewa ka sayar da kanka

Hujjarsu ta farko kuɗi ce, kuma tana da ƙarfi. Dillali ba sadaka ya fito yi ba. Idan zai karɓi motarka, sai ya cire ribarsa, ya cire kuɗin fenti da wanki da ɗan gyaran da zai yi mata, ya cire hayar fili da haƙƙin yaran da ke tsaron wurin, ya kuma cire ladan kwanakin da kuɗinsa zai yi a kwance. Abin da ya rage shi zai taya maka. A wurin musaya kuwa, sau biyu yake ci: ya rage darajar taka, ya ɗaga ta tasa, sannan ya dunƙule duka biyun cikin magana ɗaya, "Alhaji, kawo ciko kaza." A ce motarka za ta kai naira miliyan 6 a hannun mai amfani, wadda kake so kuma za a iya sallama ta a miliyan 10. Cikon gaskiya miliyan 4 ne. Idan dillali ya ƙiyasta taka a miliyan 5, ya tsaya a miliyan 10 da rabi kan tasa, ciko ya koma miliyan 5 da rabi, kuma ba ka da yadda za ka gane ta wane ɓangare miliyan 1 da rabin ta zube, domin ba a taɓa faɗa maka farashin kowace mota ita kaɗai ba.

Ko da ba musaya za a yi ba, ka bar masa ne ya sayar ya ɗauki la'ada, suna cewa ba ka tsira ba. An yi da kai a kan farashi, la'ada waje, amma kafin mota ta isa ga mai saye ta bi ta bakin dillalai uku ko huɗu, kowa ya ɗora nasa. Kai an ce maka kasuwa ta yi sanyi, mai saye kuma ya biya abin da da shi za ka yi murna.

Sannan suna tambaya: me dillali yake da shi yanzu wanda ba ka da shi? A da, shi ya san wanda ke neman mota. Yau hoto shida a WhatsApp ya isa 'yan ofis ɗinku da 'yan unguwarku da tsoffin abokan makaranta su sani. Ga Facebook, ga Jiji. Dillalin ma da waɗannan yake talla.

Hujjar da ta fi burge ni a wannan ɓangaren ita ce ta tarihin mota. A 1970 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi nazari a kan kasuwar tsofaffin motoci, nazarin da ya kasance cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba zai iya bambance lafiyayyiyar mota da mai ciwo ba, to zai taya kowace mota da tsoron ciwo a ransa, kuma mai lafiyayyiyar ne zai yi asara. Wannan shi ne ainihin abin da ke faruwa a filin dillalai. Motar da mutum ɗaya ya riƙe shekara takwas, yana juyen baƙin mai a kan lokaci, ba a taɓa buɗe injinta ba, da zarar ta shiga layi da sauran ta zama "motar hannu" kamar kowace. Amma maƙwabcin da ya daɗe yana ganin yadda kake riƙonta, ko bakanikenka da ya san cikinta, zai biya kuɗin wannan riƙon. Wanda ya kula da motarsa, in ya kai ta fili, ya ba da kulawar a banza.

Abin da masu dillali ke mayarwa

Su kuma suna cewa duk wannan lissafin takarda ne, wanda bai taɓa sa lambarsa a ƙarƙashin hoton mota ba shi ke yin sa. Waya za ta fara ƙara tun asuba. Rabin masu kiran dillalai ne da suka ɓoye sana'arsu, sauran kuma masu tayin raini ne, waɗanda za su ɓata maka yini a zagaya gari da manka, a ƙarshe su taya rabin kuɗi ka ce albarka. Ma'aikacin da ke fita ƙarfe bakwai ya dawo magariba ba shi da wannan lokacin. Mace mai mota kuwa, da yawa ba za su yarda lambarsu ta shiga hannun baƙin maza ba, balle a zo ƙofar gida ganin mota.

Akwai kuma tsaro. Baƙo ya ce sai ya ɗana, ka ba shi makulli, ka shiga kusa da shi ba ka san inda zai nufa ba. An sha jin labarin wanda aka gudu da motarsa daga gwaji. An sha jin na wanda ya ga saƙon shigar kuɗi a wayarsa, ya miƙa makulli da takardu, washegari banki ya ce ba abin da ya shigo. Tun da aka taƙaita cirar tsabar kuɗi a 2023, cinikin miliyoyi ya koma ta waya, kuma masu alat na bogi sun san da haka.

Amma babbar hujjarsu, wadda na ga ta fi wuyar rusawa, ita ce ta tazarar da ke tsakanin sayarwa da saye. Ranar da ka sallama motarka, ka tashi daga mai kadara ka koma mai riƙe da naira. A shekarar da farashi ke motsi kowane mako, sati uku na lalube na iya cinye duk ribar da ka tsira da ita daga hannun dillali. Mutane da yawa sun sayar a ƙarshen 2023 suna ganin sun ci kasuwa, suka dawo a farkon 2024 kuɗin bai isa ya mayar musu da irin wadda suka sayar ba. Kuma ba kasuwa kaɗai ke cin kuɗin ba. Da zarar labari ya bazu cewa wane ya sayar da mota, ɗan'uwa mai neman rance zai zo, kuɗin makarantar yara zai taso, a tuna da rufin ɗakin da ke yoyo, ga bikin da ba za a ƙi sa hannu ba. Duk buƙatu ne na gaskiya, kuma mai kunya ba ya iya cewa babu alhali an san akwai. Ga kuɗin adaidaita sahu na kai yara makaranta da komo da su kullum. Musaya tana toshe wannan ƙofar gaba ɗaya: ka shiga da mota, ka fito da mota, kuɗi bai kwana a hannunka ba.

Game da sayar wa wanda ya san ka, suna cewa a nan ma rigimar take. Na gida ba ya biya gaba ɗaya. Zai kawo kashi biyu cikin uku ya ce saura ƙarshen wata, kuma ba za ka iya kai surukinka ko abokin aikinka ƙara kan ragowar ba. Bayan haka, duk abin da ya sami motar a shekara mai zuwa, ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Giya ta fara fizga, "Yaya, ka san da wannan?" Ta fara hayaƙi, a gaishe ka da fuska a ɗaure a masallaci. Zumunci da yawa ya yi tsami a kan mota. Dillali yana shiga tsakani ya ɗauke wannan nauyin, kuma a ganinsu abin da yake ci kuɗin wannan hutun ne.

Martanin ɓangaren farko

Masu sayarwa da kansu ba su musanta haɗarin ba, sai dai suna cewa kowanne yana da magani mai araha. Ba a kiran baƙo gida. A haɗu a wajen bakanike ko wani wuri mai jama'a, da rana, kana tare da wani. Ba a miƙa takarda sai ka ga kuɗi a cikin asusunka da idonka, in ma da hali a ƙarasa cinikin a cikin banki. Tazarar kuma ana iya matse ta: ka fara nemo wadda za ka saya, ka daidaita farashi, ka ba da kafin alƙalami, sannan ka sallama taka.

Daga nan sai su juya kan musayar kanta. Wanda ya shiga fili da tsohuwar motarsa ya ɗaure kansa da abin da ke cikin filin nan. Mai kuɗi a hannu yana iya duba Kano, ya leƙa Kaduna da Abuja, ya aika a duba masa kasuwar Berger a Legas, kuma in ya juya baya zai tafi, mai mota zai kira shi. Mai musaya ba shi da wannan ƙarfin. Kuma abin da zai karɓa fa? Sananne ne cewa da yawa daga motocin da ake shigowa da su daga Amurka daga gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, waɗanda suka yi haɗari ko ruwa ya ci, a gyara su a nan a fesa fenti. Ana mayar da lissafin tafiyar mota baya. Ana cire indomi daga salansa a sayar daban saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Ana zuba baƙin mai mai kauri don inji ya yi shiru na kwana biyu. Ka ba da motar da ka san duk ciwonta, ka karɓi wadda aka yi wa kwaskwarima don idonka, kuma hankalinka ya rabu biyu, kana kare darajar taka maimakon ka duƙufa binciken tasa.

Inda masu fili suka fi ƙarfi

A nan masu kare dillalai sukan ce a daina yi musu kuɗin goro. Akwai mai fili, wanda ya shekara ashirin a wuri ɗaya, yana cikin ƙungiyar masu sayar da motoci, yana da shugabannin da za a kai ƙararsa gare su, yana kuma son ka dawo bayan shekara uku ka kawo ƙaninka. Akwai kuma dillalin waya, wanda ba shi da ko taya ɗaya, hotunan motocin wasu yake yawo da su. Yawancin ɓarnar da ake dangantawa da sana'ar ta na biyun ce. Mai fili in ya sayar maka da matsala, ka san inda za ka same shi gobe. Wanda ka haɗu da shi a intanet, ya kashe waya shi ke nan.

Sai batun takardu, wanda a arewa ba ƙaramin abu ba ne. An shafe shekara da shekaru motoci na sauka a tashar jirgin ruwan Kwatano da sunan za su Nijar, sannan su ɓullo ta iyakokin Jibiya, Illela ko Maigatari. Daga 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta kan iyakar ƙasa, amma motocin da suka shigo ba duti, ko da takardar duti ta jabu, suna nan suna yawo, sun sauya hannu sau uku sau huɗu. Kwastan in sun tare ka a hanyar Abuja ba ruwansu da cewa kai ma saye ka yi. Tsohon mai fili ya san yadda ake tantance takardar duti, ya san a gwada lambar shasi da ke jikin mota da wadda ke takarda, ya san motar da labarinta ke warin sata. Mutumin da sau ɗaya yake cinikin mota a shekara bakwai bai san waɗannan ba, kuma kuskure ɗaya a nan ya fi duk la'adar duniya tsada.

Maganar aibi

Akwai abin da ɓangarorin biyu ba su cika son a taɓo ba. A fiƙihun da muka tashi a kai, wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, kuma mai saye yana da damar mayar da kaya in ya gano an ɓoye masa. An kuma hana sa wani ya yi tayin ƙarya don a zuga mai saye, abin da ba baƙo ba ne a cinikin mota. Ita musayar mota da mota tare da ciko ba ta da laifi, domin mota ba ta cikin kayan da riba ke shiga musayarsu. Inda gizo ke saƙar shi ne niyya. Wasu suna kai mota fili ne don sun san inji ya kusa bugawa, kuma ba sa son su kalli idon wanda zai gaje ta. Su yi shiru, dillali ya yi shiru, wani malamin makaranta ya kwashe tarin shekara biyar ya saya. Ban ga yadda shigar dillali tsakani ke sauke wannan alhakin ba. Wanda ya san motarsa tana zafi a go-sulo ko tana shan baƙin mai, ya faɗa wa dillalin a gaban shaida, ko da hakan zai ƙara masa ciko. Haka wanda zai sayar da kansa: ya faɗi ciwon tun a waya, a rubuta shi cikin takardar ciniki. Wannan rubutun ne ma zai kare shi ranar da suruki ya dawo da ƙorafi.

Tankaɗe da rairaya

Da na auna hujjojin, na ga kowane ɓangare yana da gaskiya a kan wani irin mai mota da wata irin mota. Corolla, ƙaramar Camry, Vibe, Civic, duk motar da kayan gyaranta ke zube a kasuwar Ƙofar Ruwa kuma kowane bakanike ya iya ta, ba ta kwana a kasuwa. Mai irin wannan, in ya riƙe ta da kyau, yana da wanda zai raka shi, kuma zai iya jure sati biyu ba mota, asara yake yi in ya kai ta musaya. Amma mai babbar mota mai silinda shida ko takwas, ko wata Baturiya da kayanta sai an yi oda, zai iya yin wata uku yana amsa waya ba ciniki, domin kowa gudun shan mai yake yi. Shi mai fili ne kaɗai zai iya karɓarta ya jira mai saye. Haka wanda motar ce abincinsa, ko mai kai mara lafiya asibiti kowane mako: yini ɗaya ba mota ya fi masa ciwo fiye da ragin da dillali zai yi.

Abin da nake da yaƙini a kai shi ne yawancin mutane suna auna abin da bai kamata ba. Suna tambayar nawa aka sayi tsohuwar, alhali abin da zai fita daga aljihu shi ne ciko, haɗe da kuɗin zirga-zirgar kwanakin jira da gyaran farko na sabuwar. Wanda zai yi musaya ya fara sanin farashin motarsa ta hanyar sa ta a kasuwa kwana biyu ya ji tayi, ya kuma yi cinikin wadda yake so kamar mai biya da kuɗi, sai an tsaya a kan farashi sannan ya ce yana da tsohuwa. Ya zo da bakanikensa, ba na filin ba, a sa wa wadda zai karɓa na'ura, a ɗaga ta a duba ƙasa, in Beljiyam ce a bincika lambar shasinta a intanet.

Kuma ko ta wace hanya aka bi, kada mota ta bar hannunka da sunanka a kanta ba tare da takardar ciniki mai kwanan wata, sa hannun shaidu da hoton katin shaidar mai karɓa ba, sannan a matsa a yi canjin mallaka. A nan musaya tana da wani rauni da ba a cika faɗa ba: mota na iya yin wata da watanni a fili, ta wuce hannu biyu, lamba da takardu duk suna nuna kai. In aka yi haɗari da ita ko aka aikata laifi, gidanka 'yan sanda za su fara zuwa.

Abin da ya rage a buɗe shi ne nauyin hujjar tazara, domin ita ta dogara ne da halin naira. In canji ya zauna wuri ɗaya na tsawon lokaci, riƙe kuɗi sati uku ba zai zama abin tsoro ba, kuma ma'auni zai karkata wajen masu sayarwa da kansu. In ya sake tashi irin na farkon 2024, wanda ya shiga fili da safe ya fito da wata motar da yamma zai iya zama shi ya fi kowa dabara, duk da abin da dillali ya ci a kansa. Sauran kuma ya danganta da abin da mai motar ne kaɗai ya sani: ko zai iya riƙe miliyoyi a asusunsa kwana ashirin, 'yan'uwa na sallama a ƙofar gida, bai taɓa su ba.